Tafawa Balewa da mazaɓarsa: daga ƙudurin 1950 zuwa zaɓen 1964

A watan Agustan 1950 abubuwa biyu suka faru a Arewa, kwanaki kaɗan tsakaninsu. Ranar 8 ga wata wasu mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, suka ce talaka ba zai sami sawaba ba sai an rushe mulkin da sarakuna da Turawa suka haɗu suka ɗora masa. Kafin watan ya ƙare, wani malamin makaranta daga Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Balewa, ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa da ke Kaduna, ya kawo ƙudurin neman a kafa hukumar da za ta binciki tsarin En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke jagoranta, daga sama har ƙasa. Ciwo ɗaya suka gani, shi da mutanen NEPU. A wajen magani suka rabu. Su suna cewa a tumɓuke, shi yana cewa a gyara, kuma a kan wannan ra'ayi ya zauna har ranar da sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas.

Galibin abin da ake faɗa a kan Tafawa Balewa labarin Firayim Minista ne: muryar zinariya, jawabin ranar samun mulkin kai, hotonsa a kan naira biyar. Ba a cika tunawa ba cewa duk tsawon shekarun nan ɗan majalisa ne mai mazaɓa, Bauchi ta Kudu maso Yamma, yankin karkara na manoma da makiyaya. Ta wannan kujera nake son a duba shi, domin a nan ne ake ganin yadda mai ra'ayin riƙau na gaskiya yake aiki, da kuma inda ra'ayin nasa ya ɗaure masa hannu.

An haife shi a 1912 a garin Tafawa Balewa, cikin gundumar Lere ta masarautar Bauchi (ba Leren Zazzau ba, mutane kan haɗa su). Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, mutumin Gere ne da ke hidima a gidan hakimin Lere, mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ke nan ba ɗan sarauta ba ne, amma a inuwar sarauta ya tashi, kuma wannan bambanci yana da nauyi a labarinsa. Yaron da ya girma a ƙofar gidan hakimi ya san yadda ake tara haraji da jangali, ya san wa ke durƙusawa wa ke zaune a kan shimfiɗa, ya kuma san cewa alheri ma ta wannan ƙofa yake fitowa. A zamanin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu kada a kai su boko, 'ya'yan barorin hakimai da dagatai ne aka fi turawa. Ya yi elementare a garinsu, ya wuce makarantar lardi a Bauchi, daga 1928 zuwa 1933 yana Kwalejin Katsina, inda Ahmadu Bello ya riga shi shiga da shekara biyu. Ya dawo ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. A farkon aikin nan ne ya rubuta Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. A 1945 aka tura shi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan na shekara guda, ya dawo ya zama jami'in ilimi na En'en Bauchi.

Bauchi ta shekarun 1940 ba ƙaramin gari ba ce a tarihin siyasar Arewa. Malam Aminu Kano yana koyarwa a wannan Midil ɗin, Malam Sa'adu Zungur yana gida. A 1943 aka kafa wani dandalin tattaunawa a garin, inda malamai da ma'aikatan En'e da wasu jami'an Turawa ke zama ana muhawara. Ba a jima ba tambayoyi suka fara zafi, har aka kai ga batun yadda ake yanka albashin sarki, sai hukuma ta rufe dandalin. Mutanen nan uku sun san juna ciki da bai, kuma ba a kan ko akwai zalunci suka saɓa ba. Sa'adu Zungur ya bi hanyar 'yan kishin ƙasa na Kudu har ya riƙe sakataren jam'iyyarsu ta NCNC a Legas. Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a ƙarshen 1950 ya rungumi NEPU. Abubakar ya tsaya a ciki, yana cin albashin En'e, yana faɗa mata gaskiya da ladabi.

Kujerarsa ta farko ma En'e ce ta ba shi. A ƙarƙashin tsarin mulkin Richards, ba ƙuri'a ake jefawa ba, hukumomin gargajiya ne ke zaɓo wakilai daga cikin mutanensu. Ta haka ya shiga Majalisar Arewa a 1946, daga can aka tura shi Majalisar Dokoki ta Legas a 1947. A 1951 aka kawo zaɓe mai hawa-hawa: ƙauye ya zaɓi wakilai, su zaɓi na gunduma, a haka har matakin lardi, kuma a matakin ƙarshe an bai wa En'e damar cusa nata mutane har kashi goma cikin ɗari. A Kano NEPU ta yi rawar gani a matakan farko, amma da aka isa hawa na ƙarshe ba ta tsira da kujera ko ɗaya ba. Zaɓen tarayya na 1954 ma a Arewa haka aka yi shi, ta hannun wakilai. Sai a 1959 manomin gundumar Lere ya taɓa jefa wa ɗan majalisar tarayya ƙuri'a da hannunsa, lokacin Abubakar ya riga ya shekara biyu yana Firayim Minista. Matar manomin kuwa ba ta taɓa jefa masa ƙuri'a ba ko sau ɗaya, domin matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai bayan rasuwarsa da shekara goma.

Idan an riƙe wannan a rai, sai a ga girman abin da ya yi a 1950. Mutum ne da En'e ta turo, yana magana a gaban wakilan da yawancinsu hakimai ne da 'yan majalisar sarki da manyan ma'aikatan En'e, ga Razdan-Razdan na larduna a zaune. Ya soki tsarin da ya mai da sarki shi kaɗai ne hukuma, ba wanda zai ce masa don me sai Bature. Ya yi maganar cin hanci da karɓar gaisuwa da suka ratsa kowane sashe. Ya nuna cewa daga na sama har na ƙasa ba wanda ya san iyakar ikonsa da haƙƙinsa, kuma ba a shawartar talaka a kan abin da ya shafe shi. Bai nemi a kawar da sarauta ba. Hujjarsa ita ce idan ba a gyara ba, sarautar ce za ta fara shan wahala ranar da mutane suka waye. A wurinsa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a fadoji da yawa ba haka aka ji maganar ba, an ɗauke ta rashin kunya daga ɗan da ba a haifa a gidan mulki ba. Da ƙyar ƙudurin ya tsallake.

Ya kuwa haifar da abu. Gwamnati ta sa jami'an Turawa biyu suka zagaya larduna suka rubuta rahoto a kan mulkin ƙananan hukumomi. A 1952 aka soke matsayin sarki a matsayin hukuma shi kaɗai, aka mai da shi sarki tare da majalisarsa. A 1954 aka yi sabuwar dokar En'e, aka buɗe ƙofar kafa majalisun gunduma da na ƙauye, aka fara shigar da zaɓaɓɓu. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, kuma wanda ya ce Tafawa Balewa ɗan amshin shatan sarakuna ne bai karanta tarihin nan ba.

Sai dai a duba inda ikon da aka rage wa sarakuna ya tafi. Bai sauko ƙauye ba, Kaduna ya hau. Gwamnatin Jihar Arewa ta sami ƙarfin da za ta binciki En'e ta kuma sauke sarki, kamar yadda aka gani a 1963 lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus bayan binciken kuɗin En'en Kano. Amma kayan aikin da ke taɓa jikin talaka kai tsaye, wato 'yan doka, kotun alƙali, gidan yari, da ikon ba da izinin yin lacca, duk suka ci gaba da zama a hannun En'e. Kuma tun daga Oktoban 1951, lokacin da Jam'iyyar Mutanen Arewa (NPC) ta tashi daga ƙungiyar al'adu ta zama jam'iyyar siyasa, En'e ta zama ƙashin bayanta. Hakimi shi ne mai tara haraji, sau da yawa kuma shi ne jigon NPC a gundumarsa, wani lokaci ma shi ne ɗan takara. Ɗan NEPU da ya yi lacca ba izini, ko ya ambaci sarki da abin da aka ga zagi ne, gaban alƙali zai tsinci kansa. Mutumin da ya fi kowa fayyace cutar En'e a 1950 ya wayi gari mataimakin shugaban jam'iyyar da ba ta iya cin zaɓe sai da En'e. A taron Jos na 1954 Sardauna Ahmadu Bello ya zama shugaban NPC, Abubakar ya zama mataimakinsa na ɗaya, kuma haka aka zauna har ƙarshe.

Riƙau ɗinsa bai tsaya a kan sarauta ba, ya shafi Nijeriya kanta. A Majalisar Legas a ƙarshen shekarun 1940 ya fito fili ya ce haɗin ƙasar nan a takarda kawai yake, nufin Turawa ne ba na mutanen ƙasa ba. Yana cikin wakilan Arewa da suka dage a taron Ibadan na 1950 sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya, aka kuwa ba ta 68 cikin 136. A 1953 da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin mulkin kai a 1956, yana tare da Sardauna wajen cewa a jira sai lokacin da ya dace, abin da ya jawo musu ihu a titunan Legas, ya kuma kai ga tarzomar Kano a watan Mayu. Tsoronsu a fili yake: Arewa ba ta da isassun 'yan boko, in Bature ya tafi da wuri ofisoshi za su koma hannun 'yan Kudu. Tsohon hedimasta ya fi kowa sanin yawan yaran da ke fita daga Midil a shekara. Daga baya ra'ayinsa ya sauya. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, sannan na Sufuri, kuma a 1955 ya je Amurka duba yadda ake sufuri a kogin Misisipi. Shi da kansa ya danganta sauyin da wannan tafiya, inda ya ga jinsuna daban-daban sun zama ƙasa ɗaya. A 1957 ya zama Firayim Minista, ya kafa gwamnatin da ta haɗa har da jam'iyyar Action Group ta Awolowo.

Abin da ya yi a fagen duniya sananne ne, ba sai an daɗe a kai ba. Ya shigar da Nijeriya Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, ya tura sojoji Kwango, ya yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, kuma a Adis Ababa a 1963 ra'ayin su masu cewa a haɗa kan Afirka sannu a hankali ne ya rinjayi na Nkrumah. Ko a nan halin ɗaya ne.

Mazaɓar tasa fa? Kudu maso yammacin Bauchi ba irin ƙasar Katagum ko Misau ba ce. Ƙasa ce ta duwatsu da ke jingine da tsaunukan Filato, kuma mazaunanta gauraye ne: Sayawa, waɗanda ke kiran kansu Zaar, da Jarawa, da Fulani, da Hausawa 'yan kasuwa, da wasu ƙananan ƙabilu. Akwai Musulmi, akwai masu addinin gargajiya, akwai Kiristoci da yawansu ke ƙaruwa ta hanyar makarantun mishan. Hakimin da ke kansu daga Bauchi ake naɗo shi. Tun shekarun 1940 wasu shugabannin Sayawa, irin su Baba Peter Gonto, suke neman a ba su sarautar kansu. Wato ƙorafin da Abubakar ya kai Kaduna a 1950, cewa ana mulkin mutane ba da shawararsu ba, a ƙofar gidansu yake da rai, kuma a nan ya haɗu da bambancin ƙabila da na addini.

NPC ba ta da amsar wannan, domin takenta shi ne Arewa ɗaya, al'umma ɗaya. Duk wata magana ta ware wani yanki tana kallonta a matsayin kutsen Awolowo, wanda ya ƙulla ƙawance da UMBC ta Joseph Tarka mai neman jihar Tsakiya. Hukumar Willink da ta saurari koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958 ba ta ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi ba, ta ce a sa haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki. Wannan ya yi wa NPC daɗi. Gwamnatin da Abubakar ke jagoranta ta yarda aka yanki Jihar Yamma ta Tsakiya daga Yamma a 1963, amma Arewa, wadda ta fi sauran jihohin duka girman ƙasa, ba a taɓa ta ba, ko da rikicin ƙasar Tibi ya ɓarke a 1960 ya sake dawowa a 1964.

A zaɓen Disambar 1959 kowane ɗan takara da akwatinsa a bayan labule, da alamar jam'iyya a jiki: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, bishiyar kwakwa ta Action Group. Cikin kujeru 312 Arewa ke da 174. NPC ta ci 134, dukkansu a Arewa, ƙawancen NCNC da NEPU ya sami 89, Action Group 73. Daga cikin na Action Group ɗin 25 a Arewa ta same su, NEPU kuwa takwas. Ashe adawa tana da rai a Arewa, kuma a irin yankunan da suka yi kama da mazaɓar Firayim Minista ta fi ƙarfi. Ya ci kujerarsa, ya kafa gwamnati da NCNC, har Aminu Kano, wanda ya ci Kano ta Gabas, ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati. Abokan muhawarar Bauchi sun sake haɗuwa a benci ɗaya, Sa'adu Zungur kuwa ya riga ya rasu a 1958.

Ta fuskar aiki, babban abin da lardin Bauchi ya gani a zamaninsa shi ne layin dogo. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, aka ja layi daga Kuru kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya ratsa Gombe, ya kai Maiduguri a 1964. Gyaɗa da audugar Gombe da shanun Barno suka sami hanyar zuwa teku. Ba a san shi da kwasar dukiyar ƙasa ya kai garinsu ba, balle aljihunsa. Hoton nan da ya yaɗu, yana hutu a gonarsa yana zaune a ƙasa da 'ya'yansa ana shan rake, ba shiri ba ne na masu neman ƙuri'a, haka mutumin yake, kuma abokan hamayyarsa ma ba su tuhume shi da sata ba. Amma tsabtar hannun shugaba abu ne daban, tsabtar injin da ya ɗauko shi abu ne daban, kuma mutanenmu sun fi son su tsaya a na farkon.

Zaɓen 30 ga Disamba 1964 shi ya tona wannan. NPC ta haɗa kai da jam'iyyar Akintola, Firimiyan Jihar Yamma, suka zama NNA, su kuma NCNC da Action Group da NEPU da UMBC suka zama UPGA. Da aka rufe karɓar sunayen 'yan takara, sai aka ji kujeru fiye da sittin a Arewa an ci su ba hamayya, kuma Bauchi ta Kudu maso Yamma tana ciki. UPGA ta yi kuka cewa ba rasa 'yan takara ta yi ba, hana su aka yi: a kama masu tsaya wa ɗan takara, ko a nemi jami'in zaɓe a rasa har lokaci ya wuce. Mazaɓar Firayim Minista na cikin wuraren da ta kafa misali da su. Ta ƙaurace wa zaɓen, a Gabas ba a ma yi shi ba sai a watan Maris. Shugaban ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki yana ƙin kiran Abubakar ya kafa gwamnati, sai ranar 4 ga Janairun 1965 aka sasanta.

A ganina wannan ne wurin da ya fi kamata a tsaya a yi masa hisabi, fiye da duk wani abu da ake jingina masa. Mai yiwuwa ne ƙwarai da an bar akwatuna sun yi magana ya ci kujerarsa, tunda ya ci ta a 1959 da hamayya a fili. Ba ya bukatar a share masa fage. Amma waɗanda suka share fagen, 'yan doka da alƙalai da hakimai, su ne dai tsarin da ya tsaya a Kaduna ya ce a bincika shekara goma sha huɗu kafin nan, kuma yanzu yana Firayim Minista bai iya hana su ba ko a mazaɓarsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. 'Yan doka da kotunan alƙalai ba a ƙarƙashin gwamnatin tarayya suke ba, na En'e ne, En'e kuma Kaduna take kallo. Rinjayensa a majalisar Legas na 'yan NPC ne waɗanda yawancinsu En'e ta tsayar, shugabansu kuma Sardauna, wanda ba ya ɓoye cewa Firayim Minista wakilinsa ne a Legas. In ya taɓa wannan gini, kujerar da yake kai ce za ta fara girgiza.

Irin wannan ɗaurin ne ya bi shi Jihar Yamma. A Mayun 1962, da rikici ya tashi tsakanin Awolowo da Akintola, bai ɓata lokaci ba ya sa dokar ta-ɓaci, ya naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. A 1963 aka ɗaure Awolowo shekara goma. Amma bayan zaɓen Oktoban 1965, da aka yi maguɗi a fili, aka shiga ƙona gidaje da mutane, sai ya ce ba shi da hurumin shiga, alhali wutar ta fi ta 1962 nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne yanzu Akintola abokin ƙawancen NPC ne. Ranakun 11 da 12 ga Janairun 1966 yana karɓar shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas a kan batun Rodeshiya, hanyoyin da ke fita daga birnin kuwa ba sa biyuwa da dare. Ranar 15 ga wata sojoji suka ɗauke shi. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kawo ta Bauchi aka binne. Ba abin da ke cikin wannan nazari da ke halatta wannan kisa, kuma abin da ya biyo bayansa ya fi abin da aka ce an zo gyarawa muni.

Sauran gyaran da ƙudurin 1950 ya buɗe wa ƙofa, sojoji ne suka ƙarasa shi da doka, ba tare da muhawara ba. Gowon ya raba Arewa jihohi shida a 1967, a shekarun da suka biyo aka karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, ya rufe babin En'e gaba ɗaya. Batun Sayawa kuwa ya ci gaba da ruruwa. A Afrilun 1991 rikici ya tashi a garin Tafawa Balewa ya bazu har cikin Bauchi, aka yi asarar rayuka masu yawa, kuma hukumar bincike ta Mai Shari'a Babalakin ta ba da shawarar a ba su masarautarsu. An sake yin rikici a 1995 da 2001 da 2011. An yanki ƙaramar hukumar Bogoro a 1996. Kujerar tarayya ta yankin yanzu ta haɗa Dass da Tafawa Balewa da Bogoro, kuma daga 2007 zuwa 2023 Yakubu Dogara, Kirista ɗan ƙasar Bogoro, shi ya riƙe ta, har ya zama Kakakin Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019.